Na Share Hannunka Daga Faifan

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ban iya yi maka ba lokacin da kake zaune a zaure kana jiranta. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ba kai za ka karanta ta ba, ƙanwata Hadiza za ka miƙa wa, ka ce ta bi a hankali don boko gudu gare shi. To yau babu Hadiza a tsakaninmu. Ni ne Sanusi, ɗanka na fari, ina zaune a shagona na buga takardu a bakin tasha. An ɗauke wuta tun hantsi, kwamfuta ta yi shiru, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara uku ke nan da tafiyarka. Gida lafiya, irin lafiyar da ake faɗa wa mai tambaya a hanya. Gonar Banga ta ba da gero bana, dawa ce ta ƙi. Hadiza tana nan Zurmi, ta haifi namiji an sa masa sunanka, don haka babu mai kiran sunan, Abba ake ce masa. Jirgin ƙasa bai dawo ba har yau, awaki ne ke kwanciya a kan dogo. Bawa mai kukuma, wanda ka bi shekara talatin kana yi masa kiɗan ƙwarya, ya bi ka bara. A Katuru aka rufe shi. Ban je jana'izar ba, na ce aiki ya yi mini yawa, kuma ka san ƙarya nake yi.

Inna ce dai. Idonta ya tafi, sai bambancin rana da inuwa. Kunnen ma ya fara nauyi, sai an matso kusa. Saboda ita nake rubuta maka, don na yi mata wata ɓarna da ban san inda zan kai ta ba.

Bayan ƙaramar salla ta sa na jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Can ƙasan zannuwa na tarar da faifan garmaho, ɗan ƙarami baƙi, a cikin takardarsa da ta koma ruwan ƙasa. Faifanku ne, wanda aka ɗauke ku a jirgi zuwa Kudu kuka yi tun ban iya tafiya ba. Waƙa ɗaya gaba, ɗaya baya. Sunan Bawa kaɗai aka rubuta a jiki, ku 'yan kiɗi ko a gefe ba a sa ku ba. Inna ta ce garmahonka ya daɗe da lalacewa, amma ta ji ana cewa injin da nake aiki da shi babu abin da ba ya iyawa. Ta ce ba ta roƙe ni komai ba tunda ta haife ni, wannan ne na farko. Tana so ta ji hannunka sau ɗaya kafin kunne ya bi ido. Hannunka ta ce, Baba, ba muryarka ba, don kai ba ka taɓa yin waƙa ba.

Da na zaro faifan sai na ga layin. Ka tuna layin? Farin karce daga tsakiya har baki, gaba da baya. Ni na yi shi. Ina aji ɗaya na sakandare, 'yan ajinmu suka gano sana'arka. Da na shigo sai su fara dukan tebur suna kiran ɗan maroƙi ya iso, a ba shi kwabo. Ranar na dawo gida na tarar ka fita, na zare ƙusa daga ƙofar rumbu, na shiga ɗakinka na ja ta a kan faifan da dukkan ƙarfina. Na juya shi na sake ja. Na yi kwana da kwanaki ina jiran duka, duka bai zo ba. Ko tambaya ba ka yi ba. Na ɗauka ba ka lura ba, na ci gaba da rayuwata.

Ta ina ma za ka tambaye ni? Ni ɗan fari ne. Kunyata kake ji, kamar yadda aka saba. Ba ka kiran sunana, ba ka wasa da ni, a gidan Kaka a Zurmi na tashi har na isa makaranta. Kiɗanka kuwa a waje kake yinsa, bikin Shinkafi, bikin Katuru, dandalin kasuwa. A gida ƙwaryarka tana rataye a kife. Idan na ji an ce su Bawa na wasa a wata unguwa, sai in canza hanya. Abin kunya ne in faɗa, amma na girma har na yi gemu ban taɓa tsayawa na saurari abin da kake yi ba. Na san dai kana dukan ƙwarya. Yadda take fita a kunne, ban sani ba.

Sai aka ba mu jiha, sai Shari'a ta zo. Ba Shari'a nake kai ƙara wurinka ba, Baba, babu malamin da ya aiko ni gidanmu. Ni na aiki kaina. Na dawo daga taron ƙaddamar da ita a Gusau da sabuwar hula da zafin kai, aka naɗa ni sakataren kwamitin Shari'a na unguwa don na iya buga takarda. Na same ka a zaure, ko durƙusawa ban yi ba, a tsaye na gaya maka kiɗa ya ƙare a gidan nan, kada ka sa a nuna ni da yatsa. Ka dube ni, dubawar da ban taɓa samu daga gare ka ba, sannan ka zare zobbanka huɗu na ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ka sa a aljihu. Ƙwaryar ta koma madafa, Inna na wanke gero da ita. Ka koma Kasuwar Daji kana taya wani awon hatsi. Nakan gan ka bayan cin tuwo yatsunka na motsi a kan gwiwa, da na shigo sai ka dunƙule hannun. Shekara biyu ka yi a haka, sai ka rasu. Aka ce zazzaɓi ne, na yarda da zazzaɓin don ya fi mini sauƙi.

To da Inna ta ɗora mini faifan nan a hannu, sai na ga kamar an buɗe mini ƙofa. Na ce ga abu ɗaya da zan iya gyarawa. Zan cire ƙusata daga kiɗanka, in mayar mata da kai fes kamar ranar da aka ɗauke ku.

Akwai wani tsohon mai gyaran rediyo a Shinkafi da ke da garmaho mai aiki da lantarki. Ranar kasuwa na je na roƙe shi, ya ba ni aron yini ɗaya bayan ya sa na rantse ba zan taɓa allurar da yatsa ba. Na naɗe shi a bargo na ɗaure a bayan mashin, na taho kamar mai ɗauke da ƙwai. Na wanke faifan da ruwa da ɗan sabulu, na shanya a inuwa. Na haɗa waya daga garmahon zuwa kwamfuta, na kulle shago, na ɗora allura. Kukumar Bawa ta tashi, muryarsa ta biyo, can ƙasa wani kiɗa mai nauyi yana tafe. A saman duka kuwa ƙas, ƙas-ƙas, ƙas, babu tsayawa, tun daga farko har ƙarshe. Na riƙe kaina. Kowane ƙas ƙusata nake ji.

Na tafi Gusau, na yini a gidan intanet ina sauke wata manhaja ta gyaran sauti. Kyauta ce. Wasu mutane can wata duniya suka zauna suka rubuta ta suka bar wa kowa, Allah ya saka musu, ba su da laifi a abin da ya faru. Har takardar bayani suka rubuta, na buga ta shafi goma sha wani abu. Manhajar tana zana sauti a fuskar kwamfuta, ka ga waƙa ta miƙe tana hawa da sauka. Inda karce yake sai ka ga wani siririn tsini ya fito kamar ƙaya. Aikinta ta nemo ƙayoyin nan ta tsinke, ta cike gurbin da abin da ke gefensu, yadda kunne ba zai ji an taɓa ba.

Akwai wurin da ake gaya mata ƙarfin da za ta sa. Takardar ta yi gargaɗi a fara da kaɗan. Har ta ce akwai wani maɓalli da za ka danna ka saurari abin da za a zubar shi kaɗai, don ka tabbata datti ne kafin ka yarda. Na karanta wannan layin, Baba, da idona na karanta. Na ce wannan na masu shakka ne, ni na san dattina, ni na zuba shi. Na ja ƙarfin har ƙarshe na sake ta. Da ta gama na sake, na kuma sakewa. Da na danna maɓallin nan sau ɗaya, da na ji ka kai kaɗai, babu Bawa babu kowa, minti uku cur. Ban danna ba.

Waɗanda suka tsere wa manhajar kuma ni na bi su da hannu. Sati shida, kullum tsakanin azahar da la'asar lokacin da masu kawo aiki suka ragu, ina ƙara girman zanen ina farautar tsini ɗaya-ɗaya ina shafewa. Na lura suna zuwa a kan ƙa'ida, ba barkatai ba. Na koma takarda, ta ce haka karce yake, duk zagayen da faifai ya yi sai allura ta taka shi, don haka yana zuwa daidai da daidai. Na ce ka ji, ilimi ya yi magana. Wasu suna zuwa biyu a manne, wasu uku da sauri sannan a ɗan tsaya. Na ce hannuna ne ya yi rawa ranar da na ja ƙusar. Ka ga ɗanka mai boko, kowace tambaya yana da amsarta a aljihu. Kiɗan nan mai nauyi na ƙasa kuwa na ɗauka kai ne, na lallaɓa shi, na ƙara masa ƙarfi don Inna ta ji ka da kyau.

Da na gama, waƙa ta fito sumul. Na yi alfahari, wallahi na yi. Kwamfutar ta cika da takardun ɗalibai, wuri ya yi ƙaranci, sai na dubi ɗaukar farko mai ƙas-ƙas na ce me zan yi da ke kuma, na goge ta.

Saura faifan kansa. Wannan ne nake ta kewayawa tun farkon takardar. Yana cikin aljihun teburina ina jiran in mayar wa Inna, sai wani abokin aikinmu na kwamiti ya shigo, ya ja aljihun yana neman abin maƙala takarda, ya ɗago shi yana juyawa. Me zai hana in ce na mahaifina ne? Kalma uku ce. Amma bakina ya riga ni, na yi dariya na ce cikin kayan da aka karɓo ne. Ya ce to ya zo a daidai, jibi za a ƙona kaset-kaset ɗin da aka tara. Jibin na je. Da hannuna na jefa shi, don kada a ga ina nauyin hannu. Ya lanƙwashe, ya narke, wari ya tashi. Na gaya wa zuciyata ba komai, ai kana cikin kwamfuta, ka ma fi da kyau.

Na zuba waƙoƙin a faifan sidi, na ari rediyo, na kai wa Inna da safe bayan ta sha koko. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Baba, sai da ta sa aka ɗauko mata mayafinta mai kyau ta yafa, ta gyara zama kamar mai jiran baƙo. Na kunna. Da kukuma ta tashi ta yi murmushi, da muryar Bawa ta fito ta gyaɗa kai. Sannan ta karkato kunnenta wajen rediyon tana jira. Waƙar farko ta ƙare tana jira. Ta biyu ta kai rabi, sai ta tambaye ni yaushe za ka shigo.

Na ce ai ga ka nan tun ɗazu, na ƙara sauti don ta ji kiɗan ƙasan. Ta girgiza kai. Ta ce wannan kalangun Tanko ne, mutumin da ko ƙwaryar fura ba ka son haɗawa da shi. Ta ce kai ba ka dukan ƙwarya da tafin hannu irin na wasu, da zobba kaɗai kake yi, a sama, shi ne abin da ya sa Bawa ya ƙi rabuwa da kai. Sai ta laluba ta jawo kwanon kokon, ta kifa shi, ta ƙwanƙwasa mini da farce don in gane. Ɗaya, sannan biyu a manne, sannan uku da sauri a ɗan tsaya. Ban taɓa jin ka ba, amma na san kiɗan nan kamar sunana. Sati shida na yi ina kallonsa ina shafewa.

Ban iya gaya mata a ranar ba. Na ce injin ne ya yi kuskure, zan gyara. Ta ce to, ta cire mayafin ta ninke.

Babu inda ban je ba. Na ɗauki kwamfutar kacokan zuwa Gusau wurin wanda aka ce ya fi kowa iya dawo da abin da aka goge, ya yini a kanta ya ce takardun ɗalibai sun hau kan wurin, babu saura. Na je Katuru gidan Bawa, gidan da na ƙi zuwa gaisuwa, na sunkuyar da kai na tambaya ko suna da nasu. Suka ce ya fashe tun tuni. Mai gyaran rediyon Shinkafi ya zazzage mini buhu biyu na tsofaffin faya-fayai, na Indiya da na Larabawa da na Kudu, naku babu. Ya ce irin waɗannan kaɗan ake bugawa, kuma a shekarun nan mutane da yawa sun zubar da nasu don tsoro. Har zobbanka na ɗauko daga akwatin Inna, na kulle shago na gwada a kan ƙwarya a gaban makirfo, ko zan iya mayar da abin da na cire. Sun yi mini yawa a yatsu, suna zamewa. Abin da ya fito kamar kaza na tsattsagar tire. Na kashe, na ji kunyar bangon shagon.

Makon jiya ina sake sauraren waƙar baya, ban tsayar da ita da wuri ba kamar yadda na saba. Bayan Bawa ya yi shiru, kukuma ta mutu, sai na ji ƙas. Sai wani. Guda huɗu. Ashe lokacin da nake zaɓar wurin da za a wanke, iyakar waƙar na zaɓa, ɗan wutsiyar nan na bar shi. Na ce wataƙila kai ne ka rufe kiɗan bayan kowa ya tsaya. Na yanko wurin shi kaɗai, na ƙara masa sauti, na zuba a sidi, na ruga gida ko shagon ban kulle ba.

A ranar na gaya wa Inna gaskiya duka, da manhajar, da gogewar, da wutar. Na kara mata rediyon a kunne na kunna. Ta sa na maimaita har sau uku. Sai ta yi dariya, dariyar da ban ji ba tun rasuwarka, kafin hawaye su biyo. Ta ce ba kai ba ne. Ta ce ƙusa ce.

Ban taɓa yi mata maganar ƙusa ba, Baba. Ko a ranar ban kai wurin ba. Ta ce ai tana cikin madafa lokacin da na shiga ɗakinka, ta gan ni da ita a hannu. Da ka dawo ta nuna maka faifan, ta ɗauko muciya za ta neme ni, ka hana. Ta ce bayan haka idan na tafi makaranta kakan ɗora faifan a garmahonka, ku zauna ku biyu. Duk lokacin da allura ta taka karcen sai ka gyaɗa kai tare da shi, ka ce mata ta saurara, yaron nan ya shigo kiɗin, kuma bai ma saɓa sosai ba. Ta ce ka fi son faifan bayan karcen fiye da kafinsa, don a nan ne kaɗai ni da kai muka taɓa yin wani abu tare.

Me ya sa ba ka gaya mini ba? Na san amsar, kunya ce, kuma ko ka faɗa a lokacin da ban saurara ba. Amma me zan yi da wannan labari yanzu? Wa zan roƙa gafara? Na yi maka addu'a, na yi sadaka da sunanka, malamai sun ce tana isa, na kuma yarda. Sai dai babu sadakar da za ta sa Inna ta ji hannunka. Ba ta sake tambaya ba. Ta ce in mayar wa mai rediyo rediyonsa. Jiya na yi mata sallama sau biyu daga ƙofar ɗaki ba ta ji ba, sai da na taɓa ƙafarta.

Ina da Bawa fes, ina da Tanko da ƙarfin da na ƙara masa. Kai babu. Daga gidanmu, abin da ya rage a faifan nan ƙas huɗu ne, kuma duka nawa ne. Nakan kunna su idan shago ya yi shiru, in gwada gyaɗa kai yadda Inna ta ce kana yi. Ban san inda ya kamata su faɗa ba, don kiɗan da za su bi ya tafi.

An dawo da wuta, na ji fanka ta fara juyawa. Akwai mai jiran takardarsa a waje. Wannan zan ninke ta in sa a akwatin Inna, tare da zobban.

Ka huta lafiya, Baba. Allah ya sa ka yafe mini tun kafin ka tafi, don yanzu ba ni da hanyar tambaya.

Ɗanka na fari, wanda ba ka taɓa kiran sunansa ba,
Sanusi,
bakin tasha, Ƙauran Namoda.